Ƙuri'a a Gonar Muktari Mai Tassa

Ni dai ba son lissafi ne ya kai ni horon nan ba. Aikina itatuwa ne da ciyawa: in bi daji in duba gawon da ya farfaɗo da kalgon da ya mutu, in dawo Tawa da ƙaya a gefen zane. Amma shugaban ofishinmu ya ce duk mai taɓa ƙasa ko tsiro sai ya je ya koyi yadda ake auna sakamakon gwaji, don ya gaji da rahotannin da kowa ke rubuta "ya yi kyau ƙwarai" ba hujja. Haka muka taru a ɗakin taro cikin zafin bazara, masanan ƙasa a gaba, mu 'yan daji a baya kusa da taga, fanka tana juya mana iska mai zafi.

Malamin da aka kawo mana, Mushe Abdulrahim, kamar yadda muke kiran malamin boko, siriri ne mai sanyin murya, irin mutanen da za su kashe ka da tambaya suna murmushi. Abin da ya zo koya mana sunansa Anoba. Na ɗauka wani dodo ne, ashe ma'auni ne. Ya ce mu ɗauka an noma hatsi ta hanya uku. Ko da hanya ɗaya aka bi, gona biyu ba za su ba da amfani ɗaya ba: wannan ƙasarta ta fi, waccan tsuntsu ya sauka mata. To, Anoba tana ɗora bambancin da ke tsakanin hanyoyin nan uku a gefe ɗaya, ta ɗora bambancin da gonaki ke yi don kansu a ɗaya gefen. In na farko ya rinjayi na biyu sosai, ka buɗe baki ka ce wata hanya ta fi wata. In bai rinjaya ba, ka rufe bakinka. Wannan na ƙarshen ne ya fi ba mutanen ofishinmu wuya.

A sahun gaba akwai Raƙiya, ƙawata tun muna lise, wato sakandare. Ina faɗa ba kunya: a duk jihar Tawa ban san wanda ya san ƙasa kamarta ba. Ta murza ƙasa tsakanin yatsu, ta shinshina, ta gaya maka abin da ɗakin gwaji zai gaya maka bayan wata guda. Ba daga sama ta samo abin ba. Ubanta shi ne Muktari Mai Tassa na Tudun Kalgo, wani ƙauye arewa da Kalfu. Shi ne ya fara haƙa ramukan tassa a fakon ƙauyensu, ƙasar nan mai tauri da ruwa ke gudu a kanta bai shiga. Ya haƙa rami, ya zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasar, ruwan sama ya samu wurin zama, ya shuka hatsi a ciki. Mutane suka yi masa dariya, sannan suka zo koyo. Har daga Tebaram da Bambeye ake zuwa ganin gonarsa, kuma sunan nan Mai Tassa ya fi masa rawani.

Mutum ɗaya ne bai taɓa sallama masa ba, taubashinsa Ciɗo. Shi rabin wata yake yi: ya tona ƙasa ya ja mata kunya mai lanƙwasa, bakinta a buɗe wajen tudu, ta tare ruwan da ke gangarowa. Tun Raƙiya tana goyo suke musu a kan wace hanya ta fi, a masallaci, a kasuwa, har a wurin ta'aziyya.

Don raba wannan gardama, da kuma don ofishinmu ya san abin da zai gaya wa manoma, Raƙiya ta yi gwaji a damanar da ta wuce. Magidanta shida kowa ya ba da fili mai tsawo daga saman tudu zuwa gindin gangare. Aka yanka kowanne uku: tassa, rabin wata, da shuka haka kawai a fili. Da aka yi girbi, tassa ta bar sauran nesa. Baba Muktari ya yanka rago. Ciɗo ya ci naman ya yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba.

Saboda haka da Mushe ya ce wa ke da alƙaluman gwajinsa a kawo a gwada da su, Raƙiya ta miƙe kafin ya rufe baki. Aka zuba su a ordinatar, wato kwamfuta, sakamako ya fito a jikin bango, bambanci ƙato wanda ko ni na gane. Muka tafa. Ni har da guɗa kaɗan, Allah ya yafe mini.

Mushe bai tafa ba. Ya ce, "Madam Raƙiya, gona ta hwarko, ina tassa take? Bisa ko ƙasa?"

"Ƙasa, Mushe. Gindin gangare."

"Ta biyu hwa?"

"Ƙasa."

"Ta ukku?"

Ta nuna ƙasa da yatsa.

"Wa yaz zaɓa ma tassa wurin nan?"

Ta ce a hankali, "Ba wanda yaz zaɓa. Baba na babba."

Kowa a cikinmu ya gane, kuma kowa da shi ne haka zai yi. A wurinmu ba a ba babba saura. Tabarmar inuwa tasa ce, tsokar farko tasa ce. Ranar da aka yanka filayen, magidantan nan shida ba su ma yi shawara ba: kowa ya nuna gindin gangare, inda ruwa da laka ke taruwa, ya ce nan na tassar Baba ne. Tsakiya ta Ciɗo, tunda shi ne ƙane. Saman tudu kuwa aka bar wa shukar fili, tunda ita ba ta da uban da zai ji haushi. Raƙiya tana tsaye da igiyar awo a hannu, abin bai yi mata kama da kuskure ba, kama da tarbiyya ya yi mata.

Mushe ya ce, "To, wa yab ba da hatsin ga, tassa ko gangare? Ordinatar ba ta sani ba. Ni ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba." Ya juyo gare mu, ya kwashe sauran safiyar yana bayanin cewa kafin a taɓa lissafi sai an raba wurare da ƙuri'a, don kada son ranka ko ladabinka ya shiga cikin ma'auni. Gwajin ƙawata shi ne misalin yadda ba a yi.

Na ji haushinsa kamar in jefe shi da takalmi. Da muka fito na fara zazzaga: mutum ya zo daga Yamai da ƙafa mai tsabta, bai taɓa riƙe diga ba, zai kunyata mace a gaban jama'a. Raƙiya ta bar ni na gaji don kaina, sannan ta ce, "Safi, gaskiya garai. Ba shi ad damuwata ba. Baba ya riga ya gaya ma mutanen Tebaram lissahin boko ya tabbatar da shi."

Kafin ruwan farko muka tafi Tudun Kalgo. Na bi ta ne wai don duba itatuwa, amma gaskiya don kada ta je ita kaɗai. Aka taru ƙarƙashin gawon ƙofar masallaci, Baba Muktari a kan buzunsa, farin gemu, hannaye kamar saiwar itace. Raƙiya ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, ba ta rage komai ba.

Ya ce, "Kina nuhin ƙarya munka yi?"

"A'a, Baba. Ladabi munka yi. Ladabin na yaɓ ɓata awon."

Ciɗo ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Ashe kwari na yan noma maka, tsoho! Maido min da shirun da niy yi. Ragon dai na ci shi, ba ya dawowa."

Mutane suka yi dariya, don taubashi ne, ba a hana shi. Baba bai yi ba. Raƙiya ta ci gaba: za a sake gwajin a sababbin filaye kusa da na bara, ƙuri'a ce za ta raba wurare, kuma ranar girbi hatsin kowane yanki zai zauna shi kaɗai har a auna shi, ba a haɗawa. Wasu suka fara gunaguni, wai caca za a kawo musu gona. Liman Almustafa ne ya kashe maganar. Ya ce ƙuri'a ba baƙuwa ba ce, da ita ake raba gonar gado in magada sun kasa daidaitawa, kuma shi da kansa zai sa hannu.

Aka kawo ƙwarya aka rufe da ƙyalle. A ciki ƙwallon dabino na tassa, ƙwallon aduwa na rabin wata, tsakuwa ta shukar fili. Abin da ya fara fitowa ya ɗauki saman tudu, na biyu tsakiya, wanda ya rage gindin gangare. Raƙiya ce ta riƙe ƙwaryar, Liman yana kau da kai yana zarowa. Gonaki biyar suka wuce lafiya, tassa ta faɗa nan ta faɗa can, kowa yana tsokanar maƙwabcinsa.

Sai gonar Baba. Duk ƙauyen sun san saman filinsa: fako ne ja, da duwatsu, wurin da ko akuya ba ta tsayawa. Liman ya sa hannu, ya buɗe tafinsa. Ƙwallon dabino. Na biyu tsakuwa. Wato gindin gangaren Muktari Mai Tassa, a gonarsa ta gado, rabin watan Ciɗo ne zai zauna a ciki.

Ko Ciɗo bai yi dariya ba. Wani dattijo ya gyara murya ya ce kamar ya ga hannun Liman ya zame, a sake wannan ɗaya ba laifi. Wasu suka ce ƙwarai, su ma sun gani. Liman bai ce i ba bai ce a'a ba, ya dubi Raƙiya. Kowa ya dube ta. Ni kaina, mai jin haushin Mushe, na samu bakina yana shirin cewa a sake mana, wa zai sani?

Ta ce, "Ba a maimaitawa."

Baba Muktari ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya kakkaɓe riga, ya shige gida bai waiwayo ba.

Damanar nan ta yi wa Raƙiya tsawo. Muna zuwa duba gwaji, ta gaishe shi, ya amsa "lahiya" ya tsaya nan. Da can in ta zo sai ya ja ta gona suna murza ƙasa suna musu har Inna Haula, mahaifiyarta, ta aiko a ce tuwo ya huce. Bana ko tambayar hanya bai yi mata ba. Kuma tun tana lakwal, wato makarantar boko, duk shekara in hatsi ya fara nuna sai ya gasa mata tumu ya ba direban Kalfu ya kai mata Tawa, ko ina take. Hatsi ya nuna, muka ga masu tumu a bakin tasha, nata bai zo ba. Ranar ta yi kuka a mota muna dawowa, ni kuma na yi ta zagin Anoba da wanda ya ƙirƙiro ta har ta yi dariya da hawaye.

Amma ya haƙa. Inna Haula ta gaya mana a ɗaki, tana rage murya: tun da asuba yake hawa tudun nan da diga, ya hana 'ya'yansa maza taɓa masa, ya karya ƙota ya sake wata, tafin hannunsa ya fashe ta shafa masa man shanu. Ta ce, "Hushi shikai, ɗiyata, amma ramukkan nan ban taɓa ganin ya yi irinsu ba. Kamar da dutcin shika hwaɗa." Na hau na gani da idona. Layi-layi, zurfi ɗaya, taki daidai, ba wanda aka fifita. Bai ƙara wa ramukansa ko tafi ɗaya na taki a kan abin da aka yanka wa kowa ba, ko da yake ba mai ganinsa a can sama. Can ƙasa kuma rabin watan Ciɗo yana shan ruwa ya yi kore shar, Ciɗo yana wucewa yana yi masa kirari da ƙarfi don a ji a tudu.

Ranar girbi aka kira gayya, mu kuma motarmu ta kafe a yashin korama kafin Kalfu. Muka tura, muka tona, muka sa itace, rana tana ta hawa. Raƙiya ta rasa inda za ta sa kanta, kuma na san dalili. In gayya ta gama yanka ta ɗaure damma, abin da ta sani shi ne ta tara su wuri ɗaya, tuli guda, kafin a kai rumbu. Haka aka saba, kuma samari masu jin ƙarfi ba sa jira a ce musu. In suka haɗa damman tassa duka wuri ɗaya, na rabin wata wuri ɗaya, to shi ke nan: ba za a san yadda gona ta bambanta da gona ba, gefe ɗaya na ma'aunin ya tafi. Damana guda da fushin uba guda, duk a banza.

Da muka iso, tun daga nesa muka ji hayaniya. Raƙiya ta diro kafin mota ta tsaya, ta ruga, ni ina binta ina haki. Sai ga Baba Muktari tsaye a tsakiyar filayen da sandarsa, rawani ya kwance, yana daka wa wani ƙato tsawa, ƙaton ɗauke da dami a kai.

"Maida shi inda kaɗ ɗauko shi! Kowane dami shi zamna inda anka yanke shi. Wanda yas sake ɗaga min ɗaya, ni da shi!"

Kowane yanki da dammansa a kansa, an ɗora dutse. Yankuna goma sha takwas, ba wanda ya taɓa wani. Ashe ranar ƙuri'a, da muke ganin ya toshe kunne, ya ji komai. Raƙiya ta tsaya a gabansa. Bai dube ta ba. Ya gyara rawani ya ce, "Kin ce ba a haɗawa. Ba a haɗa ba. Auna abinki."

Muka auna. Aka sussuke, aka sheƙe, aka ɗora a sikeli yanki bayan yanki, Liman yana kallo, Ciɗo yana leƙen sikelin kamar ya iya karanta shi.

Bayan kaka aka sake kiran mu Tawa, kashi na biyu na horon, kowa da alƙalumansa. Wannan karon Raƙiya ba ta yi saurin miƙewa ba, Mushe ne ya kira ta. Ta fara zana filayen a allo, ta faɗi yadda aka ja ƙuri'a, sannan aka zuba alƙaluman. Tassa da rabin wata duka sun bar shukar fili nesa, wannan ba musu. Tsakaninsu su biyu kuwa, tassa ta ɗan ɗara, amma ɗarawar ba ta kai bambancin da gonakin ke yi don kansu ba. A bakin Anoba, ba za a ce ɗaya ta fi ɗaya ba.

Issouf, wani abokin aikinmu mai saurin yatsa a ordinatar, ya ɗago kai. "Madam, dubi nan. Yanki guda na tassa ya hwaɗi ƙasa sosai, ba shi kama da 'yan'uwanai. Irin wanga ana hidda shi. Na gwada, in babu shi tassa ta ci." Ya juyo mana da na'urarsa. Gaskiya ya faɗa, ta ci, ƙiris amma ta ci.

Ban buƙaci a gaya mini yankin wa ne ba. Saman tudun Baba ne.

Mushe ya ce, "Wani abu ya samu yankin nan? Awaki sun shiga? Wuta? An yi kuskure wurin awo?"

"Babu ko ɗaya, Mushe. Ƙuri'a tab ba shi wurin, anka noma shi yadda ya kamata, abin da yab bayar ke nan."

"To?"

Na san abin da ke gabanta. In ta danna wuri ɗaya, sai ta koma Tudun Kalgo da labarin da zai mayar wa ubanta da sunansa, ya mayar mata da ubanta. Ba wanda zai kira ta maƙaryaciya, mutane da yawa suna yin haka su kwana lafiya.

Ta ce, "Shina nan. Ba ni hidda shi."

Mushe Abdulrahim ya ajiye allinsa. Ya ce wa ɗakin, da sanyin muryar nan tasa, duk wanda ke son ganin yadda ake gwaji ya dubi allon nan, don a duk inda ya koyar bai ga wanda ya fi shi tsabta ba. A ranar na yafe masa. Na yi guɗa kuma, wannan karon ban nemi gafara ba.

Saura kai labari gida. Aka sake taruwa ƙarƙashin gawon nan, wanda ya fara sabon ganye. Raƙiya ta yi bayani da ƙwarya biyu na hatsi: duka hanyoyin suna ciyar da gida, duka sun fi shuka a fili nesa, ofishi zai gaya wa manoma su yi wadda ƙasarsu da ƙarfinsu suka ba su. Amma tsakanin tassa da rabin wata, awo bai raba gardama ba.

Ciɗo ya miƙe ya taka rawa da sandarsa, ƙafa ɗaya tana ciwo bai damu ba. "Kunnen doki, tsoho! Ni da kai ɗaya! A rubuta a kai Tebaram!" Baba yana zaune, ido a ƙasa. Mutane suna satar kallonsa suna tausayinsa, kuma na san tausayin nan ya fi masa dariyar Ciɗo zafi.

Ni kuwa bakina ba ya ajiya. Raƙiya ta gargaɗe ni a mota, na yi alkawari, amma da na ga yadda ake kallon ƙawata kamar wadda ta sayar da ubanta, sai alkawarin ya tsere. Na ce, "Baba, ku gahwarce ni, akwai abin da ba ta hwaɗa ba. A Tawa an ce mata ta hidda yanki guda daga lissahi, tassa ta ci. Ta ƙiya."

Raƙiya ta harare ni. Baba ya ɗago kai. "Wane yanki?"

Ba yadda za ta yi. Ta ce, "Naku, Baba. Na bisa tudu. Shi af ƙasa ga duka."

"In anka hidda shi, tassa ta ci?"

"I, Baba."

"Kuma kinka bar shi."

"Na bar shi."

Ya jira Ciɗo ya zauna. Sannan ya dogara sanda ya miƙe, ya nuna tudun da haɓarsa.

"Wurin can, tun ina yaro ban taɓa ganin ko ƙaya ta hito ba. Ubana bai noma shi ba, kakana bai noma shi ba. Bana na ɗaure damma a kai. Kaɗan na, amma damma na. Shi na wani zai share da yatsa don in ci Ciɗo? Ciɗo ɗin me?"

"Kai, tsoho!" in ji Ciɗo, aka fashe da dariya.

Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Muryarsa ta cika wurin. "Ku ji, mutanen Tudun Kalgo. Bara ku kunka ba ni kwari, niy yanka rago bisa abin da ba nawa ba. Bana ɗiyata tab ba ni dutci. Daga yau in yarinyar ga tac ce muku ƙasa kaza na da kyau, ku sai da akuya ku yarda. Ni nih haihe ta, ni niy yi mata hushi damana guda, ba ta yi min alhwarma da ko zangarniya ɗaya ba. Ku nuna min wanda ad da irinta."

Ba wanda ya nuna. Inna Haula, daga bayan zana, ta rangaɗa guɗar da ta fi tawa.

Da za mu tafi ya rako mu har mota, abin da bai yi ba tun bazara. Ya zaro wani abu daga cikin riga, naɗe a tsumma, ya miƙa wa Raƙiya. Zangarniya ce guda, gajera, ba ta kai tafin hannu biyu ba, amma a cike take tam.

Ya ce, "Tumun bana ya wuce ki. Wagga daga bisa tudu ta." Ya ga ta buɗe baki, ya riga ta. "Kak ki damu. Sai da niw wa Liman magana yaɗ ɗora ta ga sikeli da sauran, kahin in ɗauka."

Ta riƙe ta da hannu biyu har muka shiga Tawa, ban ji ta ce uffan ba, ni ma na yi ƙoƙari na rufe nawa bakin.